Tambaya da Amsa: Yaya za mu rubuta tarihin Mama don sujadar jana'iza?

Tambaya: Ubangiji ya kira mahaifiyarmu gida, kuma fasto ya ce mu kawo tarihinta a karanta a coci. Ko shekarar haihuwarta ba mu sani ba. Ta ina za mu fara? Daga wata mai karatu a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, sannunku da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ku.

Ku fara da takardun da ta bari: katin baftisma, takardar aure, da shafukan farko na Littafi Mai Tsarki nata, inda iyayenmu mata kan rubuta ranakun haihuwar 'ya'ya. Abin da ba ku samu ba, ku roƙi magatakardan ikilisiyar da aka yi mata baftisma ya duba rajista.

Shekarar haihuwa kuwa, kada ku ƙirƙira. Ku tambayi sa'o'inta da 'yan'uwanta: tana yarinya ko budurwa lokacin samun 'yancin kai a 1960? Ta yi aure kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970? Wa take goyo sa'ad da naira ta maye gurbin fam a 1973? Da amsoshi biyu ko uku za ku kusanto, sai ku rubuta "wajen shekara kaza". Babu abin kunya a ciki.

Tsarin da aka saba shi ne haihuwa da iyaye, tuba da baftisma, aure, sana'a, hidimarta a ikilisiya, rasuwa, sannan waɗanda ta bari. Shafi biyu sun isa, karatun minti biyar zuwa bakwai. Zancen jinya kada ya wuce jimla biyu.

Inda aka fi yin sake shi ne wajen hidima. Sai a cika takarda da "mai kirki ce, mai haƙuri ce", alhali kowace uwa haka ake faɗa mata. A Ayyukan Manzanni 9:39, da Tabita ta rasu, gwauraye tufafin da ta ɗinka suka nuna wa Bitrus. Ku yi haka. Ku je wurin shugabar Zumuntar Mata ku ji shekara nawa ta yi a cikinsu, wane muƙami ta riƙe, majinyata nawa ta saba zagawa, wace waƙa take yawan tayarwa. Ku tambayi jikoki ayar da ta koya musu, da abin da take faɗa a addu'ar asuba. Don karatu, 2 Timoti 1:5 ta dace da uwa wadda ita ma kaka ce, domin a nan Bulus ya ambaci bangaskiyar kakar Timoti da ta mahaifiyarsa.

Lissafin zuriya yana jawo ɓacin rai fiye da komai. Kowane ɗa ya kawo adadin 'ya'yansa da jikokinsa a rubuce, kuma kada a manta 'ya'yan riƙo da waɗanda suka riga ta tafiya. Dukanku ku karanta kafin a kai wa mai buga takardar shirin sujada, aƙalla kwana uku kafin ranar, ku kuma duba sunaye da shekaru kafin ya buga duka.

Mai karantawa a coci ya zama wanda zai iya daurewa, kamar ƙanin mahaifinku ko wani dattijon ikilisiya. Ku ba fasto kwafi na biyu, ko da kuka zai ci ƙarfin mai karatun.