Ku Tambayi Mai Wayarin: Batir Uku a Shekara Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ina da tsohon babur Honda CG125 da na gada daga mahaifina, da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa. A shekarar nan batir uku na saya. Kowanne sai ya yi 'yan makonni, daga nan oda ta shaƙe, sigina ta daina kiftawa. Amma da na taka kik yake tashi, fitilar gaba ma tana kamawa idan na murɗa totur. An ce mini batiran yanzu duk jabu ne. Wane kamfani zan saya? Daga ɗanka, malamin firamare a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka sayi na huɗu tukuna, don ka bar jaki kana dukan taiki. Jabu akwai a kasuwa, ban musa ba, amma uku a jere su mutu mutuwa iri ɗaya, mai kashe su yana jikin babur.

Tashin da yake yi da kik kada ya ruɗe ka. A irin wannan mashin, wutar filogi daga kwayil ɗinta take fitowa, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke samar da wuta a cikin maganadisun injin, ba ruwanta da batir. Fitilar gaba ma kai tsaye take sha daga kwayil, shi ya sa take ƙara haske idan ka murɗa, ta dushe a silo. Batir aikinsa oda, sigina, wutar birki da 'yar koriyar fitilar nan ta firi. Don haka babur zai iya kai ka Zariya ya dawo alhali ɗigon caji bai shiga batir ba.

Abu na farko, ka tabbatar babur ɗin mai bolt nawa ne, wato ƙarfin wutarsa. CG125 ya fara fitowa a 1975, kuma na farkon duk masu bolt 6 ne, daga baya aka koma 12. Duba rubutun jikin kwan sigina da jikin oda. Na sha ganin wanda aka ɗora wa batir mai 12 a kan wayarin mai 6, kwayil bai isa ya cika shi ba, yana ta zagin mai shago.

Sai ka nemi mitar awon wuta, 'yar ƙaramar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Kuɗinta bai kai na batir ɗaya ba. Juya ta kan DCV 20. Da safe kafin ka tayar, ɗora ja a kan mai alamar tarawa, baƙa a ɗaya kan. Lafiyayyen batir mai 12 zai nuna wajen 12.6, idan ya yi ƙasa da 12 ya sauka. Mai 6 kuma wajen 6.3. Tayar da injin, ka murɗa totur zuwa tsakiya, idonka a kan mita. Mai 12 ya hau tsakanin 13.5 da 14.5, mai 6 ya taɓa 7 ko ya ɗan wuce. Idan lambar ta tsaya cak inda take, caji ba ya zuwa.

To, a nan yara ke gaggawar cewa rektifaya ce, wato 'yar na'urar da ke mayar da wutar kwayil irin wadda batir ke karɓa. Ni ba na fara zarginta. Fara da fiyus da ke kusa da batir, ka ciro shi, ka duba bakinsa da mariƙinsa. Yakan yi kore ko fari, a ido lafiya lau, amma wuta ba ta ratsawa sosai. Sai wayar at, wato wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfen babur. A Honda koriya ce. Kwance kusoshin da aka ɗaure ta, ka goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris a kai saboda damina.

Wannan at ɗin ta taɓa kunyata ni ina yaron shago. Wani dattijo ya kawo babur da aka yi wa sabon fenti saboda salla, har firam an fesa. Na canja masa rektifaya sau biyu, ba caji. Maigidana, Allah ya gafarta masa, bai ce mini uffan ba. Ya ɗauki wuƙar aljihu ya kankare fentin da ke ƙarƙashin kusa ɗaya, mita ta hau nan take. Kuɗin rektifaya ta biyun daga ladana aka cire.

Idan at da fiyus sun fita zargi, bi wayoyin da suka fito daga murfin injin na hagu. Zare soket ɗin, ka leƙa ko ya narke ko ya yi baƙi. Juya mita kan ACV, ka auna tsakanin farar waya ko rawaya da jikin injin, injin yana aiki. Lambar ta riƙa hawa tare da totur. Idan tana hawa, kwayil ya kuɓuta, yanzu kam rektifaya ce. Idan ba ta motsa ba, a buɗe maganadisu.

Saura ɓarawon dare. Wani babur yana caji da rana, ya zubar kafin asuba. Kashe makulli, ka cire wayar kan batir ta ɓangaren at, ka haɗa ƙaramin kwan fitila tsakaninta da kan batir ɗin. Idan ya yi ja, akwai mai sha. Zare rektifaya, in ya mutu ita ce ke mayar da wuta baya. In bai mutu ba, duba ko an jona maka cajar waya kai tsaye da batir, ba ta bayan makulli ba. Na fi zargin wannan a baburan malamai, ba tsokana ba ce.

Tambaya: Oga, Jincheng ɗina mai tu-sitrok kwan fitila yake ƙonawa kusan duk mako. Kuma idan na karya kan babur zuwa hagu sai fiyus ya tsinke. Wani ya naɗe mini shi da takardar kwalin sigari. Daga mai kai madara kasuwa, Maraɗi.

Amsa: Ƙanena, cire takardar nan yau, kafin ka gama karanta wannan shafi. Fiyus an yi shi ne ya ƙone a madadin wayarin, kuma tankin fetur ne a saman wayoyin.

Ciwonka biyu ne. Na fiyus yana wuyan babur, inda damin wayoyi ke lanƙwasa duk sanda ka juya kai. Shekara da shekaru suna gogar ƙarfe, robar wata ta cinye. Kwance salatif ɗin wurin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, za ka ji inda ta feɗe. A yanke, a haɗa da dalma, a rufe. Murɗa waya da hannu a naɗe ba gyara ba ne.

Gargaɗi ga wanda zai yi aikin: Jincheng ɗinka a kan ƙirar Suzuki AX100 aka yi shi, kuma a tsarin Suzuki baƙar waya mai farin layi ita ce at. A Honda irin wannan kalar ta kashe injin ce, baƙa zalla kuma mai wuta ce bayan makulli. A Yamaha baƙar ce at. Tsohon babur kuwa ya bi hannu da yawa, don haka a auna kafin a jona.

Ƙonewar kwai kuma wuta ce ta yi yawa. Duba kwan baya, don idan ya mutu rabonsa na gaba yake komawa. Duba ko batir ya bushe ko an cire shi gaba ɗaya, don a tsofaffin baburan nan shi ke shanye rarar wuta. In babur ɗinka yana da ragileta, mai hana wuta wuce kima, goge at ɗinta. Mita ta wuce 15 a mai bolt 12, canja ta.

Tambaya: Baba, ruwan batirina ya ja baya. In ƙara asid ko ruwan leda? Daga ɗalibi a Gusau.

Amsa: Ko ɗaya, ɗana. Abin da ya tafi ruwa ne, asid ɗin yana nan. Ruwan leda da na rijiya suna da gishirin da ke kashe farantan ciki. Je wurin masu cajin batir ka ce a ba ka tataccen ruwan batir marar asid, ka zuba zuwa layin sama, kada ka wuce. Idan bayan mako biyu ya sake ja, caji ne ya yi yawa yana dafa shi. Yi awon da na koya wa Malam na Funtuwa, ka aiko mini da lambar da ka gani.