Shugaban etcd da ke ta sauka: muryar da aka rubuta

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa, na saurari tambayarka, ka ce tun da ka raba sabobinka uku na etcd (manhajar adana bayanai a kan na'urori da yawa) tsakanin garuruwa masu nisa, shugaba, wato sabar da sauran suka zaɓa ta jagorance su, ba ya daɗewa, kullum sabon zaɓe, shi ne kake tunanin rage wa'adin jira don a gane matacciyar na'ura da wuri. To don Allah kar ka rage, ƙara shi za ka yi.

Ka gane, idan na'ura ta yi shiru, ba ka da hanyar sanin mutuwa ta yi ko saƙonta ne ya maƙale a hanya. Kamar yaron da ka aika kasuwa ne bai dawo ba: ko ya ɓata, ko layi ya tarar, kai dai shirun kawai kake gani. Wa'adin da kake sakawa kintace ne. Tun 1985 masana Fischer, Lynch da Paterson suka tabbatar cewa in jinkirin saƙo ba shi da iyaka, babu tsayayyen tsarin da zai ba ka tabbacin na'urori za su cimma matsaya, ko da ɗaya ce tak za ta iya mutuwa. Sai a 1988 Dwork, Lynch da Stockmeyer suka kawo tsaka-tsaki: netwok zai iya haukacewa na ɗan lokaci, amma daga baya ya daidaita. A kan wannan zato Raft yake tafiya, wato tsarin cimma matsayar da ke cikin etcd ɗinka.

Yanzu lissafi. Yadda etcd ke zuwa, shugaba na aika saƙon "ina nan" duk milisakan 100, mabiya kuma, wato sauran sabobin, in sun ji shiru na milisakan 1000 sai su kira zaɓe. Wannan na sabobin da ke kusa da juna ne. Ka auna zuwa da dawowar saƙo tsakanin garuruwan, lokacin cunkoso fa, ba da tsakar dare ba, sannan wa'adin zaɓe ya kai aƙalla ninki goma na abin da ka auna. Kuma ka duba diski, wallahi diski mai nauyi yana jinkirta saƙon kamar netwok, mutane suna yawan mantawa da shi.

Bayananka dai ba za su rikice ba, domin ba a karɓar rubutu sai masu rinjaye sun amince, biyu cikin uku. Tsayawar aiki kawai za ka sha lokacin zaɓe. Turo mana log ɗin, wato bayanan da etcd ke rubutawa kan abin da ke faruwa, mu gani.