Za a tsayar da zuciyar ɗiyata a tiyata, ba za ta lalace ba?

Tambaya: Likita, ɗiyata mai shekara 2 an haife ta da huji a zuciya, leɓenta kan yi shuɗi in ta yi kuka. An ce sai an tsayar da zuciyar kafin a gyara, tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ba za ta lalace ba? Daga wata uwa a Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ba ta lafiya. Tsayarwar nan da ta tayar miki da hankali, ita ce ke kare zuciyar.

Kafin a taɓa komai, ana haɗa yarinya da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, wadda Dokta John Gibbon ya fara cin nasara da ita a Amurka a 1953. Daga nan a matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, jini ya daina isa ga tsokarta. Tsokar da ke bugawa babu jini, cikin ƴan mintuna take jigata. Shi ya sa ake ɗura wa zuciyar wani ruwa mai sanyi ƙarara, mai sinadarin fotasiyam, sai ta saki jiki ta yi shiru, buƙatarta ta oksijin ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Motar da aka kashe ba ta shan mai.

Zuciyar yaro kuwa ba irin ta babba ba ce, sinadarin kalsiyam in ya yi yawa yana saurin yi mata illa. Domin yara Dokta Pedro del Nido ya haɗa nasa ruwan a farkon shekarun 1990, wanda ɗura ɗaya kan kare zuciyar har kimanin minti 90. Masu shuɗin leɓe irin ɗiyarki an fi lallaɓa su, domin zuciyar da ta saba da ƙarancin oksijin tana iya jin rauni in aka kwarara mata shi lokaci guda. In an gama ɗinki aka saki jijiyar, jini mai ɗumi ya wanke ruwan, zuciyar takan koma bugawa da kanta. Ƙarfinta kan ɗan ragu a daren farko, don haka ake kwantar da yaro a ɗakin kulawa ta musamman.

Naki aikin ba ƙarami ba ne. Ki kula da cinta, ta riƙa kwana cikin gidan sauro, a magance zazzaɓi da ruɓaɓɓen haƙori tun kafin ranar. Ina kuma roƙonki a yi mata gwajin sikila, domin sanyi na iya tayar da ciwon, kuma in tana da ita dole likitoci su sauya shiri tun da wuri.