Yaya zan ɗauki hoton ungulaye a kan mushe ba tare da sun tashi ba?

Ka ce da ka matso sai su watse, hoton kuma ya fito dishi-dishi. Matsowar ce matsalar, ɗan'uwa. Ungulu tana tsoron mai tafiya a ƙasa fiye da mota, don haka ka zauna cikin mota, ka kashe inji, ka ɗora kyamara a bakin taga. Lens, wato gilashin gaban kyamara, mai 400mm ya wadatar. Saurin shata, wato ƙiftawar kyamara wajen ɗaukar hoto, kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, domin hoto mai kyau yana wajen faɗa ne, lokacin da suke buɗe fukafukai suna saran juna. Ka saita fokas a kan ido.

Kada ka yi sammako da yawa. Manyan ungulaye sai rana ta ɗumama ƙasa, iska mai zafi ta fara tashi, sannan suke hawa sama. Daga hantsi ka riƙa duban sama, ungulu ba ta jewar banza. Rana ta kasance a bayanka, iska ma haka, in ba haka ba wari zai kore ka kafin su.

A Masai Mara ta Kenya da Serengeti ta Tanzaniya, daga Yuli zuwa Oktoba, dabbobin da kogin Mara ya ci suna tara su da yawa. Ƙaramar ungulun da muka saba gani a kwata kuwa ta yi ƙaranci, tun 2015 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa ta cikin masu dab da ƙarewa. Guba tana cikin abin da ke kashe su, saboda haka kada ka ajiye musu mushen da ba ka san ajalinsa ba.