Zan iya raba maganin tayirod ɗina biyu, rabi da safe rabi da yamma?

Tambaya: Salam likita. An yi min aikin maƙoƙo shekara biyu da suka wuce aka cire duka, tun lokacin nake shan levothyroxine 100 kullum da safe. Matsalata da la'asar ta yi sai jikina ya mutu kamar an zare min laka. Wata ƙawata ta ce ƙarfin maganin ne ke ƙarewa, wai in dinga raba ƙwayar biyu. Ina kuma shan maganin ƙarin jini, tare nake haɗiye su da shayin safe don kar in manta. In raba ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiya ƙawar taki da kyakkyawar niyya ta faɗa amma wannan maganin ba haka yake aiki ba. Levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin da tayirod ɗin da aka cire miki a wuya ke samarwa, ba irin farasitamol ba ne da za ki sha da safe zuwa azahar ya sake ki, shi in ya shiga jini sai ya ɗauki wajen kwana 7 kafin rabinsa ya fita, wato ƙwayar da kika sha yau tana tarar da ragowar ta jiya da ta shekaranjiya da ta makon jiya duk suna nan, kamar randa ce cike da ruwa kina ƙara mata moɗa ɗaya kullum. Toh kin ga babu wani ƙarfi da zai ƙare da la'asar, in kin raba kin ƙara wa kanki wahala ne kawai, don rabin yamman zai faɗa kan abinci ne a ciki.

Ni inda idona ya tsaya ƙarshen tambayarki ne, shayin nan da maganin ƙarin jini. Levothyroxine magani ne mai tsirfa, ba ya son abokin tafiya. A ciki wayam ma kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ne hanji ke iya tsotsa, in kuma ya haɗu da sinadarin ƙarfe na maganin ƙarin jini ko kalsiyam na madara sai su manne masa ya wuce bayan gida bai shiga jini ba. Sai ki ga a kwali an rubuta 100 amma abin da jiki ya samu bai kai ba, ga kasala ga jin sanyi ga bayan gida mai tauri. Kuma kar ki manta ƙarancin jinin shi kansa yana sa mutuwar jiki, don haka mai yiwuwa abu biyu ne suka haɗe miki.

Abin da za ki yi, ki ajiye maganin da kofin ruwa kusa da gado, kina tashi sallar asuba ki haɗiye da ruwa zalla, ba shayi ba koko ba kofi, sai bayan minti 30 zuwa awa ɗaya ki karya, awa ɗayan ta fi. Maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam da maganin ƙwarnafi irin mai ruwan nan fari na masu olsa, a ba su tazarar awa 4, ki mayar da su bayan abincin rana shi ke nan. Masu son awara da madarar waken suya su ma su nisanta su da lokacin maganin, ban ce a daina ci ba. In safiya ba ta yi miki saboda hidimar yara da makaranta, sha da dare ma ya yi, sharaɗin dai awa 3 bayan abincin ƙarshe, sai dai a gidajen da ake cin tuwo ƙarfe tara wannan da wuya ya ɗore. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe shi. Da azumi ma hakan ne, ko ki sha awa ɗaya kafin sahur ko kafin barci in ciki ya sauka.

Maganar rabawa tana da asali fa, shi ya sa take yawo. Akwai wani maganin mai suna liothyronine, wanda ake ce wa T3, shi yana saurin hawa yana saurin sauka, rabinsa kan fita cikin kamar kwana ɗaya, shi ne likita kan raba sau biyu a rana don kar ya sa bugun zuciya. Haka carbimazole na masu tayirod mai aiki fiye da ƙima, a farkon jinya akan raba shi. Naki ba ya cikin waɗannan.

Bayan kin gyara yadda kike sha ki jira mako 6 zuwa 8 sannan ki yi gwajin TSH, wato gwajin jinin da ke nuna ko adadin maganin ya yi miki daidai, kafin nan sakamakon ba zai nuna gaskiya ba. Ranar gwajin ki bari a ɗebi jinin tukuna ki sha ƙwayar, in kina shan biotin na gyaran gashi ki ajiye shi aƙalla kwana 2 don yana rikita sakamako. Ki faɗa wa likitanki canjin da kika yi, saboda yanzu jiki zai fara samun maganin sosai, in kika ji zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa ko barci ya ƙaurace, ki koma asibiti kar ki jira makon ya cika, wataƙila rage miki za a yi. In kin manta wata rana ki sha da zarar kin tuna. In kuma Allah ya kawo rabo kika samu ciki, ki sanar da wuri tun watan farko, don yawanci sai an ƙara adadin da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari.