Tambaya da Amsa: "Anti, ni fa ba na sha, aikena kawai ake yi"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya sanyi. Shekarata 17, na gama sakandare bara, na zana JAMB maki bai kai ba, yanzu dai ina gida. Kullum bayan isha'i in mun zauna a majalisa sai mu yi ta musu akan waye da laifin lalacewar matasa, ni dai a ganina laifin manya ne da gwamnati, tunda ba mu muke shigo da ƙwaya ƙasar nan ba, ba mu muke da kemis ba, kuma ba mu muke raba kuɗi lokacin zaɓe ace a je a tada hankalin mutane ba, amma duk wanda ya samu makirfo sai yace yaran zamani sun lalace. To abin da yasa na rubuto, akwai wasu manyan yara a layinmu da suke aikena in sayo musu tramol a wani kemis saboda ni ba a zargina, suna bar min canji ɗari biyu ɗari uku in sa data. Wallahi ko sau ɗaya ban taɓa sha ba. Abokina yace ina da alhaki, ni kuma nace ai ko ban je ba wani zai je. Dan Allah Anti waye da gaskiya?

Wani ɗalibi, Anguwan Rogo, Jos

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗana, lafiya lau alhamdulillahi. Na ji daɗi da ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, ba kowane yaro ne zai iya rubuta wannan ba.

Maganarka akan manya ba zan musa maka ba, kuma ba don in lallashe ka nake faɗa ba. Yaro ɗan shekara sha bakwai ba shi da kuɗin shigo da kwantena ta tashar jirgin ruwa ta Apapa, kuma tramol ɗin nan mai lamba 225 da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA take yawan kamawa ba irin wanda likita yake rubutawa bane, na asibiti 50 ne ko 100. Kodin ma sai da BBC ta fitar da bincikenta a 2018 duniya ta ga abin kunya sannan gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun shekarar, alhali iyaye mata sun daɗe suna kuka babu mai saurare. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce, kaga kenan abin ya wuce "yaran zamani", akwai magidanta da matan aure a ciki.

Mu dawo nan gida ma. Kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 tun ba a haife ka ba, kasuwar da ubanni da yawa suke ci da iyalinsu suna koya wa 'ya'yansu ciniki, har yau ba ta dawo yadda take ba. Rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya raba garin nan gida biyu, yaro ya tashi akwai unguwannin da ake ce masa kar ka kuskura ka shiga, ko da kuwa can ne zai samu aikin yi. Wanda ya samu jami'a a 2022 ya kwashe wata takwas a gida saboda yajin aikin ASUU, sannan aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi. Duk wannan ba ku kuka jawo ba, kun zo kun tarar ne, kuma raina yana ɓaci in na ji babban mutum yana zagin matasa bai ambaci ko ɗaya daga ciki ba.

Amma fa ɗana, akan maganar aiken nan abokinka ne da gaskiya.

Akwai wani yaron maƙwabtanmu, a gabana ya tashi, yaro mai kunya wanda in ya gan ni da kaya sai ya karɓa ya kai min har ƙofar ɗaki. Shi ma da aike ya fara, kamar kai. Wata rana uwarsa tana wanki ta sa hannu a aljihun wandonsa ta ciro sacet ɗin ƙwaya, ya rantse mata da Allah ba nasa bane, kuma a lokacin gaskiya ya faɗa. Ba a yi shekara ba ya faɗi a gidan kallon ƙwallo jiki yana karkarwa kumfa na fita a baki, mutane suna ta cewa aljanu ne a kawo mai ruƙiyya, ashe tramol ne, don in ya yi yawa a jiki farfaɗiya yake kawowa. Har yau in na tuna yadda matar nan ta fito a guje ba takalmi mayafi a hannu sai in ji hawaye. Ba wai ina cewa dole kai ma haka za ta faru da kai bane, amma mutumin da ya saba riƙe abu a aljihu, ya san inda ake sayarwa, ya san farashi, mai kemis ya san fuskarsa, to ranar da ransa ya ɓaci, a ce sakamakon JAMB ya sake fitowa ba daɗi, me ya rage tsakaninsa da ɓallo guda ɗaya?

Kuma ka lura da dalilin da yasa kai suke aika, da bakinka ka faɗa, saboda ba a zarginka. Mutuncin da iyayenka suka sha wahala suka gina maka shi suke haya akan naira ɗari biyu. Ranar da jami'an NDLEA ko 'yan sintiri suka tare ka, a aljihunka za a samu, babu wanda zai tsaya jin "aikena aka yi", su kuma masu aiken ko sunanka ba za su nuna sun sani ba. Ta ɓangaren addini ma ka tambayi malaminku na islamiyya hadisin da aka la'anci mutum goma akan giya, a ciki har da mai ɗaukarta da wanda ake kai wa, ba mai sha kaɗai ba.

Batun ko baka je ba wani zai je, eh ƙila wani ya je. Amma ba a tambayarka ƙafar wani, taka ce take zuwa kemis ɗin nan.

Yanzu yadda zaka zame. Kar ka je ka tsaya gabansu kana musu wa'azi, in akwai 'yan sara-suka a cikinsu abin zai iya zama rigima. Ka samu babba ɗaya a gidanku wanda kasan ba zai fara da duka ba, ko yayanka ko kawunka, ka faɗa masa komai yadda ka faɗa min, shi ya san yadda zai bi ta wajen mai unguwa akan kemis ɗin ba tare da sunanka ya fito ba. Sannan ka daina zama a layi a lokacin da suka saba nemanka, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka zama baka da lokaci. A kai ka wajen wani oga ka koyi gyaran waya ko walda ko ɗinki, ko ka bi masu kayan gwari Farin Gada da asuba, ko Katako wajen 'yan katako da gwanjo, in ka dawo a gajiye da ɗan kuɗin guminka ba zaka kalli canjinsu ba. Da daddare ka ɗauki littafi ka sake shirin JAMB, kuma in zaka cike fom ka sa poli ta Barkin Ladi a lissafi, kar ka rataya komai akan Jami'ar Jos kaɗai.

Iyaye masu karanta wannan shafi, dan Allah in yaro yana sa data kullum alhali ba ku kuka ba shi kuɗi ba, ku zaunar da shi cikin lalama ku tambaya daga ina.

Ka gaishe min da abokin nan naka, ka riƙe shi da kyau. In an samar maka wajen koyon aikin ka sake rubuto min, ina so in ji wace sana'a ka zaɓa.