Yadda Za Mu Karrama Malaminmu na Judo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Malaminmu na judo ya shafe shekara 30 yana koyar da yara a Unguwar Rogo ba tare da karɓar ko sisin kwabo ba, ko a lokutan rikicin Jos bai rufe ƙofarsa ga ɗan kowa ba. Yanzu gwiwoyinsa sun gaza. Shin ya dace mu tsofaffin ɗalibansa mu ɗaura masa ɗamarar girma? Daga wani mai karatu a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka muku da alheri, amma ina ba ku shawara ku bar batun ɗamara, domin a ƙa'idar judo hukuma ce take ba da matsayi. Ɗamara mai ja da fari, alal misali, ta wanda ya kai mataki na 6 ce a matakan ƙwararrun judo, saboda haka ku rubuta wa hukumar judo ta ƙasa tarihin hidimarsa, ita ta duba.

Abin da yake hannunku ya fi wannan nauyi. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo, ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo a 1882 a kan tabarmi 12 kacal, kuma ɗalibansa ne suka yaɗa judo a duniya. Ku kai malaminku asibiti a duba gwiwoyin nan, ku sabunta katifun atisayen da suka yage, sannan mutum biyu daga cikinku su karɓi darasin yara duk Asabar, shi kuwa a ajiye masa kujera a gefe yana gyara musu riƙo da kayarwa.